Yadda ake tsara labarin "da a ce" akan gem da talabijin har ya tsaya da ƙafarshi

Duk wanda ya yi wayo a Kumasi kafin 2010 ya taɓa yin wannan wasan ko da bai san yana da suna ba. Daren 2 ga watan Yuli 2010, gasar cin kofin duniya, Ghana da Uruguay a Johannesburg, Muntari ya ci, Forlan ya rama, aka tafi ƙarin lokaci, minti na ƙarshe Adiyiah ya sa kai ƙwallo ta nufi raga Suarez ya sa hannu ya tare, aka bashi jan kati aka bamu fenareti, Asamoah Gyan ya buga ta daki ƙarfen sama ta fita. Daga wannan daren har yau babu bes, wato majalisar samari, da zaka zauna a Aboabo ko Asawase ko Sawaba a ɗora ataya a taɓo maganar ƙwallo baka ji wani yace "da a ce ta shiga" ba, wani ya karɓe yace ai da Holan zamu haɗu a wasan kusa da ƙarshe, wani yace da mun cinye su, wani yace ina, a hankali dai. Toh wannan shine abinda nake kira tarihin da-a-ce. Ka ɗauki abu ɗaya da ya faru da gaske ka juya shi, sannan ka bi sawun abinda zai biyo baya.

Ni nawa akan gem da talabijin nake yi, na daɗe ina rubutawa ina tura wa 'yan bes ɗinmu, kuma ƙannenmu da yawa sun tambaye ni yanda ake yi dan su idan sun gwada sai labarin ya watse tun a layi na biyar. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yanda nake bi.

Amma kafin nan akwai maganar da dole in fara cirewa daga hanya. Wani kawunmu ya taɓa jin muna wannan hirar ya kira ni gefe yace ɗana, baka san "da a ce" tana buɗe wa shaiɗan ƙofa ba? Nace na sani Kawu. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, idan abu ya same ka kada kace da na yi kaza da kaza ya faru, kace Allah ne ya ƙaddara kuma abinda ya so shi ya aikata. Yanda muka ji daga malamanmu, abinda aka hana shine "da a ce" ta nadama da jayayya da ƙaddara, wadda take cin zuciyar mutum, irin wadda Bahaushe yace da na sani ƙeya ce. Namu kuwa tatsuniya ce, mun san ƙirƙira ce, kuma amfaninta shine ka fahimci dalilin da yasa abu ya zama yanda ya zama. Idan ka ji labarin ya fara sa maka baƙin ciki akan abinda ya wuce a rayuwarka, ajiye shi, ba wannan muke yi ba.

Nemo mararraba, guda ɗaya tak

Mararraba nake kiran wurin da tarihi zai rabu biyu. Nan ne mafi yawan yara suke faɗuwa, mutum zai zo yace "da a ce Ghana ce ta ƙera PlayStation". Toh a wace rana? Su waye a ɗakin? Wace shawara ce aka yanke da za'a iya yanke akasinta? Babu. Wannan fata ne kawai, ba mararraba ba. Mararraba mai kyau dole ka iya faɗin shekararta, ka iya faɗin mutanen da suka yanke hukunci, kuma ya zama da gaske akwai hanya biyu a gabansu a lokacin. Kuma guda ɗaya zaka canza, dan Allah guda ɗaya. Ka je Bonwire ka kalli masu saƙar kente, zare ɗaya idan ya canza launi tun daga sama har ƙasan zanen zaka ganshi, basu buƙatar su canza zare goma kafin zanen ya zama daban.

Bari in ɗauki wadda nafi so in bi ta da ku daga farko har ƙarshe, dan da misali ne abin yake zama.

A 1988 kamfanin Nintendo da kamfanin Sony, duk na Japan, sun ƙulla yarjejeniya cewa Sony zai haɗa wa Super Nintendo na'urar da take karanta faifan CD. Injiniyan Sony mai suna Ken Kutaragi shi ne a gaba, dama shi ya ƙera abin da yake fidda sauti a cikin Super Nintendo ɗin. A watan Yuni 1991 a wani babban baje kolin kayan lantarki a Amurka Sony suka fito suka sanar da na'urar, sunanta Play Station. Washegari Nintendo suka hau dandali suka ce su da Philips na ƙasar Holan zasu yi aiki. Dalili kuwa kuɗi ne, shugaban Nintendo Hiroshi Yamauchi ya duba takardar ya ga Sony ne zai riƙe ikon gem ɗin da zasu fito a faifai, shi kuma babban ɓangaren arzikin Nintendo daga wannan lasisin yake zuwa. Sony suka ji an ci musu fuska a bainar jama'a, shugabansu Norio Ohga ya ba Kutaragi izini ya ci gaba shi kaɗai, ranar 3 ga Disamba 1994 PlayStation ta fito a Japan, ta sayar da sama da miliyan 100. Ɗaya daga cikin na'urorin gwaji na wancan haɗin da ya rushe an yi gwanjonta a 2020 akan dala 360,000.

Kaga mararraba kenan. Akwai shekara, akwai mutane, akwai hanya biyu. Da a ce an zauna an gyara takardar an raba kuɗin lasisin Nintendo basu gudu ba fa?

San na gaskiya kafin ka taɓa na ƙirƙira

Duk abinda na faɗa a sama babu ƙirƙira ko ɗaya a ciki, kuma da gangan na tsaya na faɗe shi dalla dalla. Idan baka san dalilin da yasa Yamauchi ya juya baya ba, bazaka san abinda ya kamata ka canza dan ya tsaya ba. Mutum bazai tashi da safe kawai ya canza hali dan kai marubuci kana so ba, dole ka bashi dalili irin wanda shi zai yarda dashi, kuma ga Yamauchi dalilin kuɗi ne da iko. Dan haka a nawa labarin Sony ne suke sassautawa su bar wa Nintendo kaso mafi girma na lasisi. Wannan zai iya faruwa tunda a lokacin manyan Sony da yawa basu ɗauki gem a matsayin sana'ar da ta dace da sunansu ba.

Ni yanda nake yi, ina ɗaukar takarda in raba ta biyu, hagu in jera abinda ya faru da gaske shekara bayan shekara, dama in bar ta fari. Sai hagu ta cika nake fara taɓa dama.

Bi kuɗi, bi na'ura

Yanzu an zo wurin daɗin. Tambayar da zaka riƙa yi wa kanka a kowane mataki itace wa zai samu kuɗi, wa zai rasa, kuma na'urar da take akwai a lokacin me zata iya yi me bazata iya ba. Waɗannan biyun sune suke tuƙa tarihin gem da talabijin, ba son zuciyar masu kallo ba.

Na kusa ka fara dashi. A tarihin gaske Nintendo 64 ta fito a 1996 da kaset irin na sokawa, wanda mafi girmanshi megabait 64 ne, faifan CD kuwa yana ɗaukar wajen 650 kuma bugashi yafi arha nesa ba kusa ba. Shi yasa kamfanin Square suka bar Nintendo suka kai Final Fantasy VII wurin Sony a 1997 akan faifai uku, wasu kamfanonin ma suka bi. Toh a namu labarin Nintendo tana da CD tun farkon shekarun 1990, Square basu da dalilin tafiya, kenan Nintendo ta riƙe manyan masu yi mata gem. Wannan mataki na ɗaya, kuma kusan babu mai musu dakai akanshi.

Mataki na biyu, waye abokin hamayya? Sega. A gaske abinda ya karya na'urarsu Sega Saturn harda farashi, a 1995 Sega suka ce dala 399 Sony suka fito suka ce 299. Idan babu Sony a fili shi kaɗai babu wannan dukan, Sega tana numfashi, wataƙila bata daina ƙera na'ura a 2001 ba yanda ta yi bayan na'urarta ta ƙarshe Dreamcast. Mataki na uku Microsoft, wanda ya shigo da Xbox a 2001 kuma cikin abinda ya tunzura shi akwai tsoron kada PS2, wato PlayStation ta biyu, ta mamaye falon mutane. Babu PS2, shin zai shigo? Ni a nawa yana shigowa amma a makare. Wani zai iya cewa a'a bazai shigo ba sam, kuma shima yana da hujja. Kaga yanda kake nisa da mararraba haka tabbas yake raguwa, dan haka muryarka ma ta riƙa sauka, a mataki na ɗaya kace "zai faru", a na uku kace "ina ga".

Akwai kuma abubuwan da bazasu canza ba ko me ka juya, kuma sanin su shine yake raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. CD zata zo dai ko da Sony ko babu, Sega ma sun fidda nasu na'urar CD tun 1991. Gem mai siffa uku zai zo. Intanet zai zo, waya zata zo ta cinye kasuwa. Gem ɗin ƙwallon kamfanin Konami ma bazata mutu ba, dan tun kafin Winning Eleven ta yi suna a PlayStation suna da International Superstar Soccer a Super Nintendo tun 1994. Ruwan da ya taho daga tudu zai sauka, abinda ka canza shine kwatar da zai bi.

Sai kuskure na gaba wanda ni kaina sai da aka nuna min. Duk abinda aka haifa bayan mararraba kada ka ɗauko shi yanda yake ka dasa. Idan ka canza 1991 bazaka zo 2004 kace ga GTA San Andreas nan daidai yanda muka santa da CJ da kekenshi ba, dan an gina ta ne akan ƙarfin PS2 da kasuwar manya da Sony suka buɗe, Nintendo kuwa a wancan zamanin suna da tsauri akan jini da batsa, ko Mortal Kombat ta farko da ta zo Super Nintendo sai da aka cire jinin. Zaka iya cewa wani gem mai kama da ita ya fito a na'urar Sega da wani suna, wannan ya halatta.

Kawo shi gida

Wannan shine abinda nafi damuwa dashi a duk rubutun nan. Turawa da 'yan Japan sun rubuta wannan labarin na Nintendo da Sony sau ba adadi, idan ka tsaya a Tokyo da Amurka maimaici kawai kake yi kuma sun fika sanin wurin. Abinda babu wanda zai rubuta sai kai shine me zai faru a lungunku.

Ka tuna gem senta na unguwa. Ɗaki ɗaya ko kwantena, benci biyu, talabijin mai ƙeya guda biyu ko uku, pad ɗin da aka ɗaure da salatif, yara sun cika har ƙofa, wanda aka ci shi zai biya, wanda ya ci ya zauna. Me yasa PlayStation ce a ciki ba Nintendo 64 ba? Ba dan tafi daɗi kawai ba. Dalilin shine ana sa mata cip ta karanta faifan da aka kwafa, faifan kuma ana samunshi da arha a Kejetia da Adum, idan ya karce ka sayi wani. Kaset ɗin Nintendo 64 kuwa tsada, mai gem senta bazai iya tara guda ashirin ba. Bance kwafin abu ne mai kyau ba, haƙƙin mutane ne, amma idan kana rubuta tarihi dole ka faɗi abinda ya tuƙa kasuwa. Wannan arhar ce ta sa saurayi mai ɗan jari ya iya buɗe gem senta ya ci abinci, ita ta sa yaron da gidansu babu talabijin ya san Roberto Carlos da bugun tazara tun kafin ya ganshi a fili.

Toh yanzu a duniyar da Nintendo ke riƙe da na'urar CD, kamfanin da tun zamanin tsohuwar na'urarshi NES yake sa makulli a na'urarshi dan kada a yi gem ba da izininshi ba, me zai faru da wannan saurayin? A nawa labarin na'urar da take cika gem senta ɗin Zango ta Sega ce. Hujjata itace a tarihin gaske Dreamcast tana karanta faifan kwafi ko ba'a sa mata cip ba saboda wata ɓaraka da aka gano a tsarinta, kenan Sega ba gwanaye bane wajen kulle ƙofa kamar Nintendo. Sai ya zama yaran Aboabo sun tashi da Virtua Striker da Sonic da Virtua Fighter, kalmar da muke cewa "mu je mu buga PS" ta zama "mu je mu buga Sega", masu gyara a Adum sun ƙware akan wata na'ura daban, ɗan uwan da yake Jamus ko Italiya idan zai turo kaya a kwantena Sega ake roƙonshi. Har fim ma ya shafa, dan gidaje da yawa PS2 ce ta fara zama musu abin kallon DVD. Kaga daga ɗakin taro a Japan mun iso bencin unguwa, kuma kowane mataki akwai dalili. Idan mai karatu ɗan Kumasi ya karanta ya ce "wallahi haka zai faru", ka gama aiki.

Kada ka manta da wuta. Duk labarin da ya ratsa 2012 zuwa 2016 a Ghana bai ambaci dumso, wato yawan ɗauke wuta, ba ƙarya ne, a shekarun nan mai janareto shine sarkin gem senta ko wace na'ura yake da ita.

Na talabijin

Ƙa'idar ɗaya ce amma anan mararrabar tana kusa da gida, shi yasa nafi son matasanmu su gwada ta. Gidan talabijin na Ghana ya fara aiki ranar 31 ga Yuli 1965 zamanin Nkrumah, shekara 30 cif bayan an buɗe rediyo a 1935, kuma Hausa tana cikin harsunan gida da GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, take watsa shiri dasu a rediyo tare da Akan da Ewe da Ga da Nzema da Dagbani. Shekara da shekaru tasha ɗaya ce a ƙasar, abinda ta saka shi kowa zai kalla, shi yasa wasannin Akan irin Osofo Dadzie da Obra suka shiga kowane gida har gidajen Zango, iyayenmu mata da basa jin Turanci suna jin Twi suna bi. Sai a 1996 gwamnati ta sayar da kashi 70 na kamfanin fim na ƙasa ga wani kamfanin Malesiya, daga nan TV3 ta fito a 1997, Metro TV ma a shekarar.

Ga mararrabar da nake aiki akai yanzu. Da a ce a farkon shekarun 1980 GBC ta ba wasan kwaikwayon Hausa fili na kowane mako mai ƙarfi irin na Obra. Bi sawu. Za'a samu 'yan wasa daga Nima da Sabon Zango da Aboabo da duk ƙasa ta san fuskarsu. A 1987 William Akuffo ya fidda fim ɗinshi da aka ɗauka da kyamarar bidiyo, wanda ake lissafawa cikin na farko a Ghana, shekara uku kafin fim ɗin bidiyon Hausa na farko ya fito a Kano a 1990. Kenan 'yan wasanmu da sun riga sun yi suna zasu iya shiga bidiyo kafin Kano. Anan ne zuciya zata ce maka rubuta cewa Kumasi ta zama cibiyar fim ɗin Hausa ta duniya. Kada ka yarda. Bi kuɗi. Masu sayen kaset a arewacin Najeriya da Nijar sun ninka na Zangunan Ghana sau da yawa, kasuwa tana can, dan haka Kano zata yi girmanta ko ta yaya. Abinda yafi kama da gaskiya kuma ni a wurina yafi daɗi shine hanya biyu, kaset ɗin Kumasi yana bin tsohuwar hanyar fataken goro yana isa Kano, na Kano yana saukowa, a samu jarumi ɗan Zango da ake kwaikwayon Hausarshi a Fagge, Hausarmu ta Ghana da ake mana dariya akanta ta zama abin ado a fim. Sannan ka tambayi kanka lokacin da Adom TV ta juya wasan Indiya zuwa Twi duk ƙasa ta rikice, shin a wannan duniyar da akwai masu juyawa zuwa Hausa anan gida da tasha mai saka shi? Mu da muka fi kowa kallon Indiya a ƙasar nan tun zamanin silima.

Yanda zaka zuba shi a rubuce

Anan bazan daɗe ba dan kowa da salonshi. Mafi sauƙi shine shekara bayan shekara, ka sa 1991 ka rubuta layi uku, 1994 layi uku, haka. Wanda yafi armashi shine ka rubuta kamar kana cikin duniyar, misali tsohon mai gem senta yana ba yaranshi labarin ranar da Sega ta farko ta iso Aboabo, ko hira a gidan rediyo irin na Zuria FM da tsohuwar jarumar da bata taɓa wanzuwa ba. Idan da murya kafi iyawa yi da murya, minti biyar ya isa, ka tsaya a wurin da za'a yi gardama dan gardamar ce take kawo kashi na biyu. Kuma idan wani ya kama ka da kuskure a ɓangaren gaskiya, ka gode mishi ka gyara, sau da yawa gyaran yana buɗe hanyar da tafi taka.

Abu biyu ne bana wasa dasu. Na farko ka rubuta a sama ƙarara cewa ƙirƙira ce, ka sake rubutawa a tsakiya da ƙasa. Na taɓa tsara wani kashi kamar labarin jarida, wani ya yanke saman ya tura a WhatsApp, kwana biyu sai ga wani dattijo a masallacinmu yana faɗa wa mutane a matsayin labarin gaske, sai da na je har gida na durƙusa nace Baba ni na rubuta kuma ba gaskiya bane, abin ya dame ni sosai dan mutum ne mai mutunci kuma ni na jawo ya faɗi abinda ba haka ba. Daga ranar ko wane sakin layi ina sa alamar da ba'a iya yankewa. Na biyu mutuncin mutane. Yamauchi da Kutaragi da 'yan wasanmu mutane ne na gaske masu iyali, zaka iya canza shawarar kasuwanci da suka yanke, amma kada ka ƙirƙira musu laifi ko abin kunya, kada ka sa musu magana a baki kamar sun faɗa, kada ka kashe mai rai a labari. Idan kana buƙatar mugu ƙirƙiro naka.

Ga wanda yake neman inda zai fara, akwai mararrabu a zube. A 1981 Shigeru Miyamoto na Nintendo gem ɗin Popeye ya so yi, lasisi bai samu ba a lokacin sai ya ƙirƙiro nashi mutanen a Donkey Kong, ɗan tsallen ciki shine ya zama Mario, toh da lasisin ya samu fa? Masu Mortal Kombat ta 1992 da Van Damme suka so ginata abin bai yiwu ba, Johnny Cage ya maye gurbin, ka tuna yanda Zango take son Van Damme ka auna. A 1983 saura kaɗan kamfanin gem na Atari ya zama mai sayar da na'urar Nintendo a wajen Japan maganar ta rushe. A 2023 kamfanin EA masu gem ɗin ƙwallo suka rabu da sunan FIFA bayan shekara 30. Na gida kuma akwai kamfanin gem na Leti Arts da Eyram Tawia wanda ya yi karatu anan jami'ar KNUST ya kafa da abokinshi ɗan Kenya Wesley Kirinya a 2009, ka tambayi kanka da irin wannan kamfanin ya samu babban jari tun a shekarunshi na farko wane gem yaranmu zasu riƙa bugawa a waya yau.

Idan na talabijin da silima ka zaɓa, kafin ka rubuta ko layi ɗaya ka sayi goro ka je wurin tsofaffin unguwa, waɗanda suka shiga Roxy da Rex anan Kumasi ko Dunia a Nima, ka tambaye su wane gida ne ya fara sayen talabijin a layinsu, nawa ake biya a shiga kallon bidiyo, me dokar hana fita da dare ta farkon mulkin Rawlings ta yi wa silima. Ka kunna rikoda a wayarka da izininsu. Wannan shine zai cika maka ɓangaren hagu na takardar, kuma mafi yawanshi babu shi a intanet. Ni ranar Asabar bayan la'asar zan je wurin wani baba a Yalwa da ya yi aikin haska fim, duk mai so ya same ni a bes mu tafi tare.